Hashimu Mai Hoto da Kunnen Arzika

A unguwar Limawa da ke Dutse, da wuya ka shiga gidan da babu hoton da Malam Hashimu ya ɗauka, ko a bango ko a ƙasan akwati. Wasu na ranar aure ne, wasu na neman aiki, wasu na sallah, yara sun jeru cikin ɗinki iri ɗaya sun ƙame ba mai motsi. Shi ya sa har yau, da gemunsa ya yi fari fat, ba a kiransa da wani suna sai Hashimu Mai Hoto.

Asalinsa mutumin Taura ne. Mahaifinsa manomin gero da gyaɗa ne, kuma ya sha fama da wannan ɗa nasa, don tun yana ƙarami Hashimu ba ya ganin abu ya ƙyale. Ya taɓa kwance tocilan ɗin gidan don ya ga inda hasken yake ɓuya, ya kasa mayar da ita, ya sha bulala. Wata rana a kasuwar Gujungu ya ga wani Bayarabe ya kafa akwati mai ƙafa uku, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, jim kaɗan ya zaro takarda a jiƙe da fuskar wani makiyayi a jikinta. Hashimu ya manta da aiken da aka yi masa. Ya tsaya nan har kasuwa ta watse yana jero tambayoyi. Ta ina fuskar ta shiga akwatin? Me ya sa farin rawani ya fara fitowa baƙi? Bayaraben ya gaji da amsawa, ya ce in yana son sani sai ya biyo shi Kano. Da ya ɗan tasa, ya bi shi ɗin.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa, Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka yi ta kwararowa, kowa na neman ƙaramin hoton da za a manna a takardar aiki. Hashimu ya tattaro kayansa ya kama shago a Limawa. Ya rataya labule mai zanen bene da jirgin sama, ya ajiye furen roba da wata tsohuwar tarho da ba ta aiki, wadda samari ke karawa a kunne a ɗauke su. Abin da ya sa ya yi suna shi ne iya fito da mutum. Mai ƙuraje zai shiga shagon, hotonsa ya fito fuska sumul. Mai tabo a kumatu, Hashimu zai juya shi ta ɗaya gefen. A nan ya auri Kubura, suka hayayyafa, suka aurar.

Sai wayar hannu mai kyamara ta zo, kowa ya zama mai hoton kansa. Shagon ya yi ta ja da baya har Kubura ta sa firji a ciki tana sayar da zoɓo da ƙanƙara. Abokan sana'arsa da yawa sun yi ta tsine wa waya. Shi kuwa Hashimu sai ya sayi ɗaya ta hannu, ya zauna da ita yana juyawa, yana mamakin yadda ido ƙarami kamar ƙwayar wake yake yin aikin da a da sai an ɗauko jaka guda ta kaya. Da damina kuma ya koma zuwa Taura yana duba gonar da ya gada.

A wata daminar ce wani tabo ya fito masa a ƙauri, mai ƙaiƙayin tsiya. Ya shafa man kaɗanya, ya shafa toka da lemun tsami, daga baya wani mai kemis ya ba shi wani mai a ƙaramar tuf irin ta man goge baki. In ya shafa sai ƙaiƙayin ya lafa, bayan kwana biyu tabon ya ƙara faɗi. Da abin ya kusa zagaye ƙafar, Kubura ta ce ba zai sake kwana mata a ɗaki yana susa kamar mai kankare tukunya ba. Ran da ya je gona, sai ya biya wani ƙaramin asibiti da ke bakin hanyar Taura.

Wadda ya tarar ma'aikaciyar lafiya ce mai suna Nabila, 'yar wajen Ringim, mace mai saurin magana da saurin hannu. Ta duba ƙafar, ta taɓa gefen tabon, ta girgiza kai.

"Baba, wannan ban tabbatar da ko mene ne ba. Amma ba sai ka tafi Kano ba tukuna. Akwai likitar fata da muke tura wa hoto, ita za ta gaya mana."

"Hoto?" in ji Hashimu. Ya gyara zama. "Hoton ƙafa? Ita likitar tana ina?"

"Tana Kano."

"Kuma daga can za ta ga abin da ke ƙafata a Taura?"

"In hoton ya fita da kyau."

Ta ɗaga waya, fitilar ta yi wal. Hashimu ya miƙa hannu ya ce ta nuna masa. Ƙaurin nasa ya yi ƙyalli kamar an bulbula masa man gyaɗa, tabon kuwa ya narke cikin hasken. Nabila ta ga fuskarsa ta sauya.

"Ai matsalata ke nan, Baba," ta ce. "Ɗakin nan duhu, wuta kuma sai ran da ta ga dama. Da yawa likita dawo mini da su take yi, ta ce in sake. Kafin nan mai ciwon ya koma ƙauyensu."

"'Yata, mu fita waje."

Suka fita ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakar asibitin. Ya zaɓi inda inuwa ta cika babu ɗigon rana, ya sa ta kashe fitilar wayar, ya roƙi wani mai jiran layi ya riƙe farin zanin gado daga gefe don ya turo haske a hankali. Ya ce ta riƙe numfashi kafin ta danna. Da suka duba, ga tabon nan raɗau, har ɓawon da ke tashi a jikinsa ana gani. Nabila ta dube shi.

"Baba, wai mece ce sana'arka?"

Bayan azahar waya ta yi ƙara. Likitar fatar ce, Likita Mu'minatu, murya a natse, tana ta tambaya. Yaushe ya fara? Yana shiga ruwa? Me yake shafawa? Hashimu ya zaro tuf ɗin daga aljihu, Nabila ta karanta mata sunan da ke jiki.

"To, shi ne," in ji likitar. "Baba, makero ne ya kama ka. Wannan man yana kwantar da ƙaiƙayi, amma ƙara wa ciwon ƙarfi yake yi, ya kuma sauya masa kama. Ka jefar da shi yau. Nabila za ta ba ka na sha da na shafawa."

"Na ji, Likita. Amma don Allah ta yaya kika gane? Ni da ƙafar take jikina ban gane ba."

Ta yi dariya. "Buɗe hoton ka jawo shi kusa. Kar ka dubi tsakiya, dubi bakinsa."

Ya jawo hoton da yatsu biyu. Bakin tabon ya ɗan tashi, ya zagaya kamar kunyar gona, tsakiyar kuma ta kwanta. Watanni yana susar wurin nan bai taɓa lura ba. A motar komawa Dutse, duk wanda ya zauna kusa da shi sai da Hashimu ya saci kallon hannunsa da wuyansa.

Ƙafa ta warke. Ya koma ran wata Laraba, ranar da ake ganin masu ciwon fata, wai don ya nuna wa Nabila. Ya tarar da mutane a ƙarƙashin darbejiya, ita kaɗai tana fama, ga rubutu, ga waya, ga zanin gado ba mai riƙewa. Ya naɗe hannun riga. Tun daga ranar, Laraba ta zama tasa. Babu wanda ya ɗauke shi aiki, shugaban asibitin dai ya ce ba laifi tunda masu ciwon sun yarda.

Ba a daɗe ba ya yi abin da har yau Nabila ke tsokanarsa da shi. Wani saurayi tela, Sharhabilu, ya zo da ƙuraje a haɓa da kumatu, bikinsa ya matso, duk ya damu. Hannun Hashimu ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru ba tare da ya yi shawara da shi ba. Ya juya saurayin ta gefen da ya fi dama, ya tausasa hasken, ya ce ya ɗan ɗaga haɓa ya saki fuska. Aka tura. Can sai ga kiran likita.

"Nabila, wa ya ɗauki wannan?"

"Baba Hashimu ne."

"Ba shi wayar. Baba, hoton nan ya yi kyau ƙwarai, a ba amarya ta ajiye. Amma ni ciwon nake nema, kuma ka ɓoye mini shi."

Duk wanda ke wurin ya fashe da dariya, har da angon. Hashimu ya ji kunya, ya kuma ji wani abu ya buɗe masa. Ya ce ta gaya masa abin da idonta yake so. Ta ce tana son ɗaya daga nesa don ta san a wane sashe na jiki abin yake, ɗaya daga kusa, ɗaya kuma haske ya zo daga gefe don ta ga ko ya tashi ko a kwance yake. Ta ce a ajiye wani abu kusa da ciwon don ta san girmansa. Daga ranar Hashimu ba ya rabuwa da kwalin ashana, yana ɗora tsinke ɗaya a gefen kowane tabo.

Mata kuwa ba ya ɗaukarsu. Nabila ke shiga da su ɗaki ta ja labule, shi yana waje ya juya baya yana ba da umarni kamar mai koyar da tuƙi. "Matso da ita bakin taga! Kar ki tsaya tsakaninta da hasken!" Nabila ta amsa daga ciki, "Na sani, Baba, na sani!" A gaskiya ma ta sani, cikin ɗan lokaci hotunanta suka kamo nasa.

Abin da ya riƙe shi a wurin shi ne tambaya ba ta ƙarewa. Ya san ƙazuwa da kyasbi da ƙora tun yana yaro, amma bai san ƙazuwa wata ƙwaya ce mai rai da ke haƙa rami a fata ba. Da likita ta gaya masa, ya yi kwanaki yana ba mutane labari a majalisa. Wata rana ta ce masa yawancin littattafan da ta yi karatu da su hotunan fatar Turawa ne a ciki, inda aka rubuta ciwo ja ne, a jikin mutanenmu sai ya fito ruwan toka ko ya ƙara duhu. Ta ce shi ya sa, in mai ciwo ya yarda, take ajiye wasu hotunan ba tare da fuska ba tana koya wa ɗalibai. Hashimu ya jinjina wannan magana. Wato akwai yara a Kano da ke koyon likitanci da ƙafar wani manomi daga Taura.

Farkon wata damina ya je kasuwar Gujungu sayen iri. A kara, wajen masu awaki, ya hangi wani mutum zabiya, fari sol, riƙe da igiyar akuya, ya runtse ido saboda rana. Fuskarsa da wuyansa duk ɗigo-ɗigon baƙi, leɓensa a fashe. Ya ɗaure kansa da tsumma ya rufe kunnen hagu, ƙudaje na bin tsumman. Hashimu ya matsa ya yi sallama. Wayarsa na hannu, don ya gama amsa kira ke nan. Mutumin ya kawo fuskarsa kusa, ya ga wayar, ya ja da baya.

"Malam, kar ka ɗauke ni."

"Ba ɗaukarka zan yi ba."

"Haka suke cewa. Duk kasuwar da na shiga sai yara sun ɗaga waya. Ni ba abin kallo ba ne."

Hashimu ya jefa wayar a aljihu. A lokacin ne ya tuna cewa duk tsawon zamansa a shago, zabiya ko ɗaya bai taɓa shigowa a ɗauke shi ba, kuma shi mai yawan tambaya bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Ya taya mutumin tsayuwa har aka sayi akuyar, sannan ya ja shi rumfar mai fura suka zauna. Sunansa Arzika, daga wani ƙauye a bayan Garki, manomi ne mai mata ɗaya da 'ya'ya, ya kawo akuyar ne don ya sayi taki. Ciwon kunnen ya fi shekara. Ya fara kamar ɗan ƙurji, ya yi ɓawo, ya fashe, ya ƙi rufewa. An sa masa garin magani, an yi masa allurai, shiru.

Hashimu ya ɗage wandonsa ya nuna masa ƙaurinsa, ya ba shi labarin likitar da ke gani daga nesa.

"Hoton nan ina yake zuwa?" in ji Arzika.

"Wajenta kaɗai. Kuma kunnen za a ɗauka, ba fuskarka ba. Za ka gani da idonka kafin a tura. In ba ka so, a goge."

Arzika bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Laraba ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Hashimu ya fara cire rai, sai ga shi wata safiya ya sauko daga bayan babur.

Nabila ta jiƙa tsumman da ruwa kafin ta ɓare shi a hankali. Saman kunnen ya ci, gefen ciwon ya yi tauri ya naɗe, tsakiya na tsattsafar jini. Ta wanke. Hashimu ya ɗaga waya, sai ya ga duk abin da ya sani ya juye masa. Rayuwarsa duka baƙar fata ya saba ɗauka, mai son a ƙara mata haske. Wannan kuwa haske kaɗan sai ta wanke ta zama farar takarda. Ya sa aka ajiye farin zanin, ya matsa da Arzika can cikin inuwa, ya rage hasken wayar da hannu. Idanun Arzika na rawa suna hawaye, Hashimu ya ce ya rufe su abinsa, ba a bukatarsu. Da aka gama ya miƙa masa. Arzika ya kawo wayar har tana taɓa hancinsa. Wannan ne karo na farko da ya ga ciwon da yake ɗauke da shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a tura.

Yawanci amsar likita sai bayan azahar. Ran nan ko shayin da Nabila ta haɗa bai huce ba kira ya shigo, kuma na bidiyo. Likita Mu'minatu ta gaisa da Arzika, ta tambayi iyali, sannan ta yi magana ba kwana-kwana.

"Malam Arzika, ina zargin ciwon daji ne na fata. Ban ce tabbas ba, hoto iyakarsa ke nan. Sai ka zo an yanki ɗan kaɗan an gwada. In shi ne, ana cire shi, kuma mutane suna warkewa in an yi da wuri."

"Me ya kawo shi?"

"Rana. Fatarka ba ta da abin da ke kare sauran mutane daga zafinta. Baƙaƙen ɗigon nan na fuskarka ma duk ita ce."

"Rana," in ji Arzika. "Wannan ranar da nake noma a cikinta tun ina yaro? Ni an ce mini gishiri ne. An ce kifi ne. Rabona da kifi tun kafin in yi aure."

"Ci kifinka. Malafa za ka nema, mai faɗi."

Ya ɗan yi murmushi, sannan ya ce to, in Allah ya kai mu kaka, an kai amfani gida, zai zo. Likita ta ce wannan ciwon ba zai jira kaka ba, daga kunne yana iya gangarawa wuya. Arzika ya ce gero ya fito, in ya tafi wa zai yi masa maimai? Ya yi godiya, Nabila ta naɗe masa kunnen da bandeji, ya hau babur ya tafi.

Hashimu ya koma Limawa abin na cinsa. Kubura ta ga yana juya cokali a kwano, ta tambaya, ya gaya mata.

"To, Malam, zaman me kake yi? Mutumin nan gona ce ta riƙe shi. Ka je ka ga masu gonar kusa da tasa mana."

Washegari ya kama hanyar Garki, daga nan ya hau babur cikin yashi da kududdufai yana tambaya har ya isa. Ya tarar da Arzika a gona da rana tsaka, ba hula, bayan wuyansa ya yi jawur. Matarsa Murja ta kawo musu ruwa, ta tsaya daga bakin zaure tana jin bayanin baƙon. Da ya gama ta ce, "Baba, ku tafi da shi. Ni ke wanke tsumman nan kullum, ni na san yadda yake ƙaruwa." Bayan la'asar Hashimu ya samu limamin garin da yayyen Arzika, ya maimaita musu abin da likita ta ce, kalma da kalma. Ɗaya daga cikin yayyen ya ce su duk sun ɗauka gyambo ne kawai. Liman ya ce a yi gayya. Kafin Hashimu ya bar garin an tsayar da ranar da za a shiga gonar.

Shi ya raka Arzika Kano. A babban asibitin suka yi ta bin layi daga wannan taga zuwa waccan, Hashimu na karanta masa allunan da ba ya iya hangowa. Da aka kira su, sai ga Likita Mu'minatu a zaune, 'yar ƙaramar mace da tabarau, ba kamar yadda muryarta ta sa ya zata ba. Ta miƙe ta gaishe shi da girmamawa. Wajen duba Arzika ta ɗauko wani ɗan madubi mai fitila a ciki ta ɗora a fatar kumatunsa. Hashimu ya yi ta leƙe har ta lura, ta nemi izinin Arzika, ta miƙa masa. Ya kara ido. Ɗigon da yake gani baƙi ɗaya ashe a ciki akwai zane-zane da 'yan jijiyoyi kamar saiwar ciyawa. Sai da ta ce, "Baba, akwai masu jira," sannan ya saki.

Gwaji ya tabbatar da zargin. Wata ƙungiya mai taimakon zabiyoyi ta ɗauki wani ɓangare na nauyin aikin, dangi suka haɗa sauran. Aka yanke saman kunnen, aka ƙone wasu ƙananan wurare a wuya da goshi tun ba su zama wani abu ba. Arzika ya koma gida gero na fitar da kai, ya tarar da gonarsa fes.

Yanzu in ka gan shi, yana cikin malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu, ga wani mai na kare rana da ake aiko masa ta hannun Nabila, ko da yake wani lokaci yakan yanke. Gona kuwa daga asuba zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya. Maƙwabta na kiransa manomin inuwa, yana dariya. Lokaci-lokaci yakan zo a ɗauki wuyansa da hannayensa a tura, kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Ya kawo 'ya'yan ƙanwarsa biyu da suka biyo shi a fata. Ya kawo wata yarinya daga rugar Fulani da iyayenta ba su taɓa jin cewa rana na yi mata illa ba.

Ya kuma kawo wani dattijo, Malam Sadisu, wanda nasa ciwon ya riga ya cinye gefen wuya. Likita ta kalli hoton, ta ce a kawo shi, amma ta gaya wa Nabila a gefe cewa abin ya yi nisa. An kai shi, an rage masa raɗaɗi, ya rasu kafin wata daminar. Hashimu ya je ta'aziyya ya dawo jiki a sanyaye. Tun daga nan, duk kasuwar da ya shiga sai ya tambayi mutanen ƙauyuka ko akwai zabiya a garinsu, babba ko yaro, ya ce a gaya masa ya zo ran Laraba tun ba shi da ciwon komai.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Wata ranar sabis ya ɗauke, a yi ta ɗaga waya sama a bakin titi. Wata ranar likita na ɗakin tiyata ko taro, amsa sai gobe, mai ciwo ya gaji ya tafi. Wani maganin da ta rubuta ba a samunsa sai a Dutse, Hashimu ke sayowa ya kawo a mako na gaba.

Kwanan baya wani mai faskare ya zo da fararen tabbai a bayan hannayensa. Abokan cin tuwonsa sun ware masa kwano, suna raɗe-raɗin kuturta ce. Nabila ta sa ya rufe ido, ta shafa auduga a wurin, ya ce yana ji sarai. Likita ta duba hotunan ta ce ba kuturta ba ce, launin fatar ne kawai ya gudu daga wurin, kuma ba a ɗauka ko da an ci abinci tare. Mutumin ya roƙi ta maimaita a naɗa masa a waya don ya kunna wa mutanen garinsu. Ta maimaita.

Hashimu kuwa wani abu dabam ya tsaya masa. Ya jera hoton hannun dama da na hagu, ya ga tabban sun fito a wuri ɗaya, gaɓa da gaɓa, kamar an auna. Kafin likita ta kashe waya ya karɓa.

"Likita, tambaya ɗaya. Ta yaya hannun hagu ya san inda na dama ya yi fari, har ya yi nasa a daidai wurin?"

"Baba, akwai zato iri-iri. Amma gaskiya wannan ko mu ba mu gama sani ba."

"Ko a littattafan?"

"Ko a littattafan."

Ya mayar wa Nabila wayar a hankali. A motar Dutse ya ɗora hannayensa biyu a gwiwa yana kallonsu har aka shigo gari. Ya samu Kubura a shago tana ƙulla zoɓo, ya zauna a benci ya kwashe labarin duka ya gaya mata, har da cewa likitar da kanta ta ce ba a sani ba.

"To sai ka huta," in ji Kubura.

"Ina fa. Mutumin zai dawo bayan sallah. Zan tambaye shi wanne hannun ne ya fara."